Durowar Cokulan Mama

Durowar cokula ce ta tona mini asiri.

Ranar Asabar da hantsi Mama ta ja ta, ta ƙi fitowa. Ta kira ni na ja, na girgiza, har na dogara ƙafa a jikin kabad ɗin, ko motsi ba ta yi ba. Durowa goma sha ɗaya ce a sabon kicin ɗin Mama, goma suna shiga suna fita sumul, sai wannan ɗaya tal da ke kusa da murhu. Tun daga jan farko gabana ya faɗi, domin ni kaɗai na san abin da na yi mata.

Sana'ata zanen kicin. Ni nake aunawa in zana, wani ya haɗa. Wanda ya haɗa wannan kuwa Kafinta ne, mutumin da nake so shekara biyu ke nan. Ranar da na gaya wa Baba maganarsa bai ma bari na ƙarasa ba.

"Kafinta? Auta, na kai ki jami'a shekara biyar don ki ɗauko mini mai ƙusa a baki?"

Bai taɓa yarda ya gan shi ba, ko fuskarsa bai sani ba. Wanda Baba yake so shi ne Manaja, ɗan abokinsa, mai kula da wani ƙaton shagon kayan ɗaki mai bangon gilashi. Mutum ne da turarensa ke riga shi yin sallama.

A baje kolin kayan ɗaki na bara aka haifi wannan kicin. Mun je tare da Kafinta muna zagaya rumfuna, kowane kicin yana ƙyalli, kabad-kabad har rufi. Ni sai santi nake, shi kuwa ya goya hannu a baya yana kallo.

"Mai Awo," haka yake kirana saboda tef ɗin awo da ba ya rabuwa da jakata, "wannan ai kicin ɗin masu ɗaukar hoto ne. Mamanki za ta iya kai hannu can?"

Kafaɗar Mama ta hagu ba ta ɗaguwa tun da ta faɗi a banɗaki. A nan tsaye na juya takardar tallar wata rumfa na fara zane a bayanta. Kicin ba kabad ɗin sama ko ɗaya, komai a durowa, teburin girki daidai gwiwar hannun Mama.

Wata takwas yana aikin a lokutan da ya samu. Ko ƙusa ɗaya bai buga ba, katako ne yake shiga cikin katako kamar an sarƙe yatsu. Ranar da ya gama ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai siffar ganye, ya gasa shi a wuta, ya ɗora a gefen durowar cokula.

"Na babana ne," ya ce. "Shi da zarto biyu ya bar mini. Duk aikin da ya fita daga shagon nan, da wannan ganyen yake fita."

Da baje kolin bana ya zo ban samu rumfa ba, Manaja ya ba ni gefe a tasu, aka baje kicin ɗin a can. Da safiyar buɗewa ya jawo durowar yana dubawa, ya ga ganyen.

"Wannan fa? Rumfarmu ba ta ɗaukar tambarin kowa. Kuma Baba zai zo da rana, kin san zai duba ko'ina."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan ya wuce. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai tilasta ni ba. Ni na ɗauki samfefa, takardar goge katako, da hannuna, na tsuguna a bayan rumfa, na goge ganyen tas cikin minti goma.

Da Baba ya zo Manaja ya ce masa, "Zanen Auta ne, mu kuma muka sa aka yo mana shi daga waje." Baba ya juyo ya kalle ni da irin kallon da na shekara ina jira. Sai na yi murmushi. Wallahi murmushi na yi.

Kafinta ya zo ranar ƙarshe, ya ga sunan kamfani a saman aikinsa. Na ce masa dokar rumfa ce kawai, ya yarda. Ya tsaya daga nesa yana ƙirga mutanen da ke shafa katakon, yana dariya. Ma'aikatan Manaja ne suka zo suka kafa kicin ɗin a gidanmu, don na ce wa Kafinta kada ya zo, Baba yana gida.

Sati uku ke nan. Ga shi yanzu durowa ta cije.

Kafin azahar Baba ya kira Manaja, ya zo da ma'aikatansa biyu. Suka zagaye kabad ɗin da sukuddireba suna neman noti, ba su samu ko ɗaya ba. Ɗayan ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya tashi yana sosa ƙeya.

"Oga, wannan ba ƙarfen zamewa a ciki. Katako ne zalla."

"To a ɓalle ta mana," in ji Manaja. "A kawo guduma. Ranar Litinin sai a sa mata sabuwar fuska da ƙarfe."

Ji na yi kamar ni za a saukar wa gudumar. Kwana tara Kafinta ya yi a kan fuskokin durowin nan, daga katako ɗaya ya yanke su don jijiyar katakon ta bi layi daga bango zuwa bango. In aka fasa ɗaya an kashe sauran.

"A dakata," Mama ta ce. Ta ja ni zuwa ƙofar baya, ta rage murya. "Kira wanda ya yi shi."

"Mama, ai daga waje..."

"Rufe mini baki. Wane na wajen ne ya san kafaɗata ba ta ɗaguwa? Wane na wajen ne ya san ba na son hannun durowa mai kama zani? Ni na haife ki fa. Ki kira shi, ko ki tsaya ki kalli guduma."

Na ɗauki waya na kira shi.

Bai yi awa ɗaya ba ya iso. Da na buɗe masa ƙofa na ga ya canza riga, ya sa farar nan da yake ajiyewa don zuwa wurin manya, jakar kayan aiki a kafaɗa. Murna ce fal a fuskarsa, ya ɗauka ranar da muke jira ce ta zo.

"Baba ya yarda in shigo?" ya raɗa mini.

"A matsayin mai gyara," na ce, ban iya kallon idonsa ba. "Don Allah kada ka ce komai."

Murnar ta ragu kaɗan, amma ya gyaɗa kai. Ya shiga ya durƙusa ya gaishe da Baba da Mama, ya miƙa wa Manaja hannu. Manaja ya ba shi kan yatsu.

"Malam kafinta," in ji Baba, "ka yi a hankali. Wannan ba irin aikinku ba ne na kan titi, daga waje aka kawo shi. Dubi haɗin nan, ko ƙusa babu. Irin wannan ya kamata ku riƙa kallo kuna koyo."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafinta ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kai.

"Haka ne, Baba. Aiki ne mai kyau."

Bai taɓa durowar da ta cije ba. Ta ƙasanta ya zare gaba ɗaya ya ajiye, ya zura hannu ta ciki har kafaɗa, ya dafa bayan ta saman da tafin hannu, ya tura a hankali. Ta yi ɗan ƙara ta fito. Ma'aikatan Manaja suka kalli juna.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Kai ka san hannunka."

Kafinta ya juye cokulan a kan tebur, ya ɗaga durowar zuwa hasken taga yana neman inda ta kumbura. Ya duba gefen dama. Ya juyo na hagu.

Sai ya tsaya.

Wurin yana nan fari fat, faɗin tafin hannu, ya tashi ya yi tudu. Ya ɗora babban yatsansa a tsakiya, daidai inda ganyen yake a da, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Me ya same ta?" Baba ya tambaya.

"An goge nan da samfefa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "An cire man da ke tsare katakon, aka bar shi tsirara. Ga ta kusa da murhu, kullum tururin tukunya yana shiga. Shi ne ta sha ta kumbura."

"Yaran nan ne," Manaja ya yi caraf, yana hararar ma'aikatansa. "Ba su da hankali wajen ɗaukar kaya. Baba, mu koma falo, zafi ya yi yawa a nan."

Suka fita. Ma'aikatan suka bi su zuwa waje. Mama ta ce za ta kai musu ruwa, ta ja ƙofa a bayanta. Aka bar ni da shi da tarin cokula.

"Mutum ɗaya na sani da ke goge katako yana zagaye," ya ce, bai ɗago ba. "Sau nawa na ce miki a bi jijiya? Ga sawun hannunki nan, kamar kin sa hannu a takarda."

Hawaye suka ɓalle mini.

"Ka tsaya ka ji..."

"Ina ji."

"Manaja ne ya ce rumfarsu ba ta..."

"Shi ya riƙe samfefar?"

"A'a."

"To."

"Na ji tsoro ne. Baba zai zo, zai ga alamar, zai tambaya. Na ce bari baje kolin ya wuce, bari ya ga aikin ya so shi tukun, sannan in gaya masa. Wallahi niyyata ke nan."

"Sati uku ke nan yana son sa. Kin gaya masa?"

Kuka kawai nake, ina toshe baki da gefen mayafi don kada a ji a falo.

"Da babanki ya ce ba ya so na, ban ji haushi ba," ya ce. "Uba ne, bai san ni ba. Da na ga sunan kamfani a kan aikina, na ce ba komai, allo ne, za a cire. Yanzu ma da aka ce in kalla in koya, na haɗiye, saboda kin roƙe ni a bakin ƙofa. Amma wannan..." Ya shafa farin wurin. "Ke kika riƙe mini durowar ranar da na ɗora shi. Na gaya miki na waye."

"Na sani."

"Babana shekara arba'in yana aiki, babu wanda ya taɓa goge masa ganye. Har waɗanda suka yi rigima da shi ba su yi ba. Sai ke."

"Ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini."

"Ba yafiya ce matsalar ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni gaskiya. Tsoron Baba ne kawai, ko ke ma kunyata kike ji?"

Na buɗe baki in ce tsoro ne. Sai na tuna murmushin da na yi a rumfa, da yadda na ji daɗi da aka ce daga waje ne, da yadda na gode wa Allah da Kafinta ya tsaya daga nesa da takalminsa mai garin katako. Ƙarya ta ƙi fita.

"Ranar na ji," na ce. "Ranar na ji kunya. Yau kuma kunyar kaina nake ji, har ba na son in ga fuskata a madubi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Idanunsa sun yi ja, amma bai bari ko ɗigo ya sauka ba.

"Na gode da kika faɗi gaskiya, Madam."

Madam. Shekara biyu ina Mai Awo. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya mayar da durowar ƙasa mazauninta, ya ɗauki ta cokulan ya rungume a ƙirji. Daidai nan Baba ya turo ƙofa, Manaja a bayansa, Mama tana biye da farantin kofuna.

"An gama?"

"A'a, Baba. Sai na tafi da ita shago ta bushe kwana uku, in fere tudun, in sake shafa mata mai da kakin zuma. Za a kawo muku."

"Madalla. Ka bar wa Manaja lambarka, irinka suna da amfani. Wa ya sani, ko su ɗauke ka aiki ka ga yadda ake yin irin wannan." Sai ya lura da ni. "Ke kuma kukan me kike? A kan durowa?"

Kafinta ya nufi ƙofa. Na san in ya fita a matsayin mai gyara, ya fita ke nan har abada.

"Baba, shi ya yi."

"Ya yi me?"

"Kicin ɗin. Gaba ɗayansa. Ba daga waje aka kawo ba, a shagonsa aka yi, wata takwas, da hannunsa. Alamarsa tana jikin durowar nan, ni na goge ta da safiyar baje koli don kada ka gani. Ba yaran Manaja ba ne, ni ce." Na kalli Baba na ƙarasa. "Kuma shi ne wanda na gaya maka bara."



Baba ya juya wajen Manaja. "Ka ce mini daga waje."

"Baba, ai yadda ake magana ke nan a kasuwa..." Manaja ya yi 'yar dariya, ya ga babu mai taya shi, ya kama duba wayarsa.

Sannan Baba ya kalli Kafinta tun daga farar rigar har takalmi. Na ga hannunsa yana kan teburin girki, yana shafa gefen katakon kamar yadda ya saba yi kullum da safe. Da ya farga sai ya janye hannun da sauri.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Kuma ka tsaya ina ce maka ka koya, ka yi shiru?"

"Gidanka ne. Kuma an roƙe ni."

Fuskar Baba ta canza. Abokai nawa ya jawo kicin ɗin nan ya nuna musu aikin waje, ni kaina ban san adadinsu ba. Ya juyo gare ni.

"Kin mayar da ni abin dariya a gidana. Kin sa na yabi mutum ina zaginsa a gaban idonsa. Wannan ce tarbiyyar da na ba ki?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Maganata tana nan inda take. Kada ki ɗauka katako zai canza ta."

Kafinta ya ɗan rusuna. "Na bar ku lafiya." A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Durowar zan gyara, aikina ne. Amma ganyen ba ni zan mayar ba. Ƙarfen yana rataye inda kika san shi."

Ya fita. Na ji ƙarar ƙofar gida.

Na tsaya ina kallon ramin da durowar ta bari a jikin kabad, baƙi, kamar gurbin haƙori. Mama ta ajiye farantin, ta fara tattara cokula ɗaya-ɗaya tana zubawa a roba.

"Auta," ta ce, kamar maganar cefane take, "mutumin nan ya tafi da durowata. Ni ban yarda a ɗaura mini ita a bayan babur ta karce ba. Je ki riƙe mini kayana."

"Ba inda za ta je," in ji Baba.

"Kicin ɗina ne, kai ka faɗa da bakinka ranar da aka kafa shi." Mama ba ta ɗaga murya ba. "Shekara shida ina roƙo a sauko mini da tukunya daga sama. Sati uku ke nan ban roƙi kowa ba."

Ban jira amsar Baba ba. Takalmin Mama na zura, na fita da gudu.

Yana bakin titi ya ɗora durowar a bayan babur, yana warware igiya. Ya gan ni, bai daina abin da yake yi ba.

"Kada ka ɗaure," na ce ina haki. "Igiya za ta ci gefen. Ni zan riƙe."

"Shago da nisa."

"Na san hanya."

"Ƙarfen yana ƙuna. Ba a ɗora shi sau biyu, in hannu ya yi rawa an ɓata katakon ke nan."

"To ka tsaya kusa da ni."

Ya naɗe igiyar ya cusa a jaka. Na ɗauki durowar, na ga na rungume ta farin wurin yana manne da cikina, a ɓoye. Sai na juya ta, na mayar da shi waje inda duk mai wucewa zai gani.

Daga cikin gida na ji Baba ya kira ni, da muryar nan da tun ina yarinya ban taɓa ƙin amsawa ba.

"Auta!"

Kafinta ya tayar da babur, ya juyo ya kalle ni, yana jira.

Na ƙara matse durowar, na ɗora ƙafa a kan babur ɗin.